Faifan da Aka Gasa a Tsohuwar Tasha

Da ƙarfe biyu da rabi na rana, a tsakiyar watan Disamba, ɗan hasken da ya rage a kan tsibirin Skarvøy, can arewacin duniya inda ranar hunturu ba ta daɗewa, ya soma janyewa. Torunn ta ɗauki makullai da tocila, za ta je tsohuwar tashar rediyo ta ɗauko faifan da ta bari a cikin tanderun lantarki tun da safe.

Tsohon zaren tef idan ya shekara yana shan danshi, mannewa yake yi, in aka kunna shi a haka sai ya saɓule. Maganinsa a gasa shi da zafi kaɗan na tsawon yini, sannan ya yarda ya ba da abin da ke cikinsa sau ɗaya ko biyu. Shekara talatin ke nan Torunn tana wannan aiki a kamfanin Muryar Gaɓa.

A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Kjetil, shugaban kamfanin, ɗan marigayi Jentoft wanda ya kafa shi. Kofin gahawa ne a hannunsa.

"Sarauniyar tsummoki! An nufi maƙabarta?"

"In ka ba ni hanya."

"Faifan jirgin Ternen, ranar Juma'a da ƙarfe takwas za mu sa shi. A talabijin, dukansa, minti arba'in."

Torunn ta tsaya cak. "Ka ce mini adanawa za a yi kafin a rushe tsohuwar tashar."

"Na faɗa, na kuma sake shawara. Bikin shekara arba'in muke yi, ba shayin tsofaffin coci ba."

"Yayana yana cikin faifan nan, Kjetil. Mama kuma tasharka take kallo daga safe har ta kwanta."

"A kashe mata talabijin mana."

"Su goma sha tara ne a falo ɗaya a gidan kula da tsofaffi. Kai za ka je ka kashe?"

Ya kurɓi gahawarsa, ya lashe leɓe. "Tarihi ne, Torunn. Gobe da safe ina son ganinsa a kan teburina. In kuwa hannunki ya tsufa, akwai masu jiran kujerarki."

Ta fita ta shiga mota.

Babu wanda ya girma a waɗannan tsibirai da bai san yadda Muryar Gaɓa ta zama abin da ta zama ba. Jentoft ya fara ta ne a ɗaki guda, a saman wata masana'antar man hantar kifi da aka rufe, da makirufo ɗaya da eriya a kan rufi. Yana karanta farashin kifi da hasashen iska da sanarwar rasuwa, masu saurarensa ba su kai ɗari uku ba. A shekara ta biyu guguwa ta kama jirgin masunta mai suna Ternen da mutum bakwai a ciki. Rediyon jirgin ya raunana, ba wanda ya kama kiransu sai eriyar Jentoft. Shi kuwa ya kara makirufo a bakin na'urar, ya watsa wa gidaje mutuwarsu kai tsaye. Kafin mako ya zagayo, masu talla sun yi layi a matakalarsa. Daga nan aka kafa eriya a tsibirai biyar, aka buɗe talabijin, aka gina benen gilashi mai ma'aikata tamanin.

Torunn tana da shekara goma sha bakwai a ranar, a ɗakin girki ta ji komai. Mahaifiyarta Borghild kuwa tana asibiti a tsallaken ruwa, an yi mata aiki, ba ta ji ba. Da ta dawo aka gaya mata igiyar ruwa ɗaya ce ta ɗauke ɗanta Hilmar, bai ma san abin da ya faru ba. Shekara talatin da takwas tsibiri guda yana riƙe mata wannan magana, babu wanda ya taɓa gaya mata cewa ɗanta ya yi ta kiran sunanta har muryarsa ta dushe. Torunn ta karɓi aiki a tashar tana gaya wa kanta cewa muddin makulli yana hannunta, faifan ba zai fita daga akwatinsa ba. Da wannan hujja ta ci albashinsu shekara talatin, kuma yau hujjar ta yi mata ɗaci a baki.

Hanyar ta bi gefen ruwa, babu gida, babu mota. Ta yanke shawara a ranta: za ta saurara, ta sa reza ta yanke duk inda muryar Hilmar take, ta haɗe sauran.

Ginin yana ƙarshen gaɓa, a kan turakun katako. Ƙasansa duhu ne, inda manyan tukwanen ƙarfe suke tun zamanin da ake dafa hanta. Ba a taɓa wanke su ba. Masunta suna da sunan da suke kiran abin da suke zargin yana zaune a irin wannan wuri, ba sa son furta shi a kusa da ruwa. Abin da ilimi ya tabbatar shi ne mamaci ba ya dawowa. Sai dai akwai halittun da Allah Ya ɓoye wa idanunmu, waɗanda kufai da wuraren ƙazanta ne mazauninsu, satar ji da kwaikwayon murya kuma tsohuwar sana'arsu ce.

Ta hau matakalar waje, ta buɗe ƙofa. Wari ya tare ta.

Ta saba da ƙarnin wurin, tsohon mai da ya jiƙa katako. Wannan daban ne. Ɗumi gare shi, kamar hanta ce ta ruɓe aka ɗora a wuta. Ta toshe hanci da gyalen wuyanta, ta kunna fitila, ta kunna ƙaramin hita mai jan ƙarfe saboda sanyi. Sannan ta buɗe tanderu.

Faifan da ya yini a zafi, jiƙe yake sharkaf. Wani maiƙo rawaya yana ɗiga daga gefensa. Ta goge da tsumma, ta ɗora shi a na'ura ta danna.

Ƙarar iska. Ƙarar ruwa yana dukan ƙarfe. Sai muryar matuƙin jirgin: "Jentoft, kana jina? Muna arewa da tsaunin nan mai fitila. Kira masu ceto!"

"An kira, an kira," in ji Jentoft, da lallausar muryarsa ta karanta labarai. "Faɗa wa masu sauraro abin da kake gani."

Wannan duk ta ji shi a wancan lokaci. Abin da ba ta ji ba shi ne abin da ke faruwa duk sa'ad da Jentoft ya rufe makirufonsa daga gidaje, alhali tef yana ci gaba da ɗauka.

Cokali yana bugun faranti.

Tauna. Haɗiya. Tsotsar ƙashin kifi.

Abinci yake ci. Mutum bakwai suna kururuwa a na'ura, shi kuwa yana siɗe faranti. Ta ji ya yi gyatsa, ya ce a hankali, shi kaɗai: "Minti biyar tukuna. Bari gari ya gama kunnawa."

Torunn ta dubi agogon na'urar. Sai a minti na ashirin da biyu ta ji an ɗaga waya ana juya lambar masu ceto.

Ta durƙusa ta yi amai a kwandon shara.

Muryar Hilmar kuwa babu inda reza za ta shiga. Tana ƙarƙashin kowace magana, tana bayan kowane ihu. "Mama. Mama. Mama." Haka har aka kai ƙarshe, zaren ya ƙare, jelarsa tana karkaɗawa, fat, fat, fat.

Ta kashe na'urar.

Taunar ba ta tsaya ba.

Daga ƙasa take zuwa, ta ƙofar da ke cikin daɓen katako, wadda ake sauka wurin tukwane.

Wani abu mai nauyi ya zame daga cikin ƙarfe. Ya faɗi, caɓ.

Tsani ya yi ƙara. Taki ɗaya. Shiru. Taki na biyu.

Murfin ƙofar ya ɗaga.

Rigar ruwa ta masunta ce ta fara bayyana, rawaya, a kumbure kamar za ta fashe. Cikin hular babu fuska, sai wani nama mai laushi, launin hantar da ta kwana a rana, yana naso. A tsakiyarsa baki ne, yana motsi, yana tauna abin da ba a gani.

Ƙafafunta suka ƙi ɗagawa.

"Torunn," in ji bakin, cikin raɗa. Muryar Hilmar ce, da ɗan kaushin nan nasa na mai mura. "Sanyi nake ji."

"Ubangiji," ta ce, ba ta ma ji kanta ba.

"Kai ni wurin Mama."

Ya matso. Duk inda ya taka, katako yana yin baƙi. Bai nufo wuyanta ba. Wurin na'ura ya je, ya cire faifan da yatsu masu kama da kitse, ya miƙo mata da hannu biyu, kamar mai ba da kyauta.

"Kai ni gida. Kai ni kowane gida."

Hawaye ya zubo mata. Shekara talatin da takwas ba ta ji wannan murya ta kira sunanta ba. Ta miƙa hannu ta karɓa. Faifan yana da ɗumi, yana bugawa a tafinta.

Bakin ya buɗe, ya yi faɗi. Muryar ta gurgura kamar ana murɗa rediyo, ta fito da wata, lallausa, ta mai karanta labarai.

"Faɗa wa masu sauraro yadda kike ji."

Sannan ya yi gyatsa.

Ƙyama ce ta kwance mata ƙafafu, ba jarumta ba. Ta juya ta danna faifan a kan jan ƙarfen hita da dukkan ƙarfinta.

Ya kama da wuta nan take, maiƙon ya yi tartsatsi.

Muryoyi bakwai suka fashe a ɗakin lokaci guda, ta takwas tana gurnani a ƙarƙashinsu.

Hannu ya cafke ta a wuyan hannun hagu. Sanyi. Santsi. Yana matsawa.

Wuta ta bi daɓen da ya sha mai tun kafin a haife ta.

Ta fizge. Hannun rigarta ya saɓule, ta bar masa rigar.

Ƙofa. Matakala. Ta gangara a kan haƙarƙarinta, ta faɗa cikin dusar ƙanƙara.

Ba ta waiwaya ba sai da ta kai mota. Ginin ya zama harshen wuta guda, kuma a ƙarƙashin turakun wani abu ya faɗa ruwa da nauyi.

Hukuma ta rubuta cewa tsohon hita ne ya jawo gobara. Kjetil bai jira rahoto ba, washegari ya kira ta ofis, ya tura mata takardar sallama a kan tebur.

"Kin ƙona mini tarihin kamfani, tsohuwar banza."

"Minti ashirin da biyu," in ji Torunn. "Babanka yana cin kifi, bai ɗaga waya ba."

Ta zuba masa ido tana jiran ya musa, ko ya firgita. Bai yi ko ɗaya ba. Ya gyara zaman alƙalaminsa kawai.

"Ai da an yanke wannan wurin," ya ce.

Ta ɗauki takardar da yatsu biyu, ta fita.

Tun daga ranar, shacin yatsu huɗu bai bar wuyan hannunta ba. Likita ya ce ƙuna ce, amma ba ta bushewa, kuma in an yi ɗumi tana ƙarni, sai ta riƙa ɗaure ta da bandeji. Ba ta ƙara zama a inda ake ci ana sauraron rediyo ba. Allah ne Masanin abin da ta gani, mu dai abin da ya bayyana muka faɗa.

Ranar Juma'a da ƙarfe takwas ta je gidan kula da tsofaffi, ta zauna kusa da Borghild a falo. Aka nuna eriya ta farko, aka nuna benen gilashi, aka nuna Kjetil yana yanka kek. Da aka zo shekarar Ternen, babu abin da za a kunna. Sai aka sa hoton mutum bakwai a tsaye a bakin jirgi, na ɗan lokaci, babu sauti. Tsofaffi goma sha takwas suka sunkuyar da kai, babu wanda ya dubi Borghild.

Ita kuwa ta matso da fuskarta, ta gyara tabarau.

"Ga Hilmar ɗina can, na biyu daga hagu. Dubi gashin nan, ya ƙi aski har ya tafi." Ta yi ɗan murmushi. "Bai dai sha wahala ba, ko Torunn?"

Torunn ta ɓoye hannun hagu a ƙarƙashin mayafi, ta riƙe na mahaifiyarta da na dama.

"Bai sha ba, Mama."

"To, alhamdu," in ji tsohuwar, ta jingina da kujera. "Ki ce su ƙaro mini shayi."