Kwandon Lici da Haƙorin Baba

A motar zuwa garin Maoming suka haɗu. Shulan na zaune jikin taga, ta tallafe kunci, hawaye na zuba.

"Haƙori ne?" in ji saurayin da ke gefenta.

Ta gyaɗa kai. Bai taɓa ta ba. Hannunsa ya ɗaga, ya nuna mata tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. "Danna nan da ƙarfi." Kafin su sauka zugin ya lafa, lambarta kuma ta shiga wayarsa. Deming sunansa, ɗan arewacin ƙasar, mai gyaran babura.

Ranar da ya zo gaida iyayenta, kwandon 'ya'yan itacen lici, masu jan ɓawo da zaƙi, ya kawo. Bai san mutanen kudu na cewa lici wuta ce a jiki ba. Washegari kuncin mahaifinta, Baba Qiu, ya kumbura suntum.

"Biyu kacal na ci, don kara!" Baba ya daka tsawa, yana dafe da muƙamuƙi. "Wanda bai san abinci mai zafi da mai sanyi ba, shi zai riƙe min 'ya? Kada ya ƙara tako gidan nan. Ga ɗan gidan Liang yana jiran aurenta."

Shulan ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa musa wa Baba ba.

Saƙon Deming ya shigo wayarta: "Tsuntsuwata, da hannuna na ɓata komai ko? In kin ce in koma arewa, zan koma."

Ta ajiye wayar. Ta shiga kicin ta ɗora kunun koren wake mai sanyaya jiki. Tana jawo buhun shinkafa sai ga kwandon a ɓoye. Ba ko ƙwaya ɗaya, sai ɓawo fal.

Ashe Baba ne ya cinye shi tas. Ta ɗauki kwandon, ta ajiye a gaban Baba tare da kunun.

"Baba," muryarta ƙasa-ƙasa, "in zubar da ɓawon ne kafin Mama ta dawo?"

Baba ya dubi kwandon, ya dube ta. Can ya miƙo hannu, ta danna masa tsokar.

"Ke hannunki kamar auduga," ya ce, yana kallon bango. "Kira yaron nan."

Deming ya iso a guje, ya durƙusa ya danna har Baba ya sauke numfashi. Da safe shi ya goya shi a babur zuwa wurin likitan haƙori.

Ranar biki, cikin jajayen kaya, suka durƙusa suka miƙa wa iyaye shayi. Baba ya kurɓa ya ce, "Ku tsufa tare har furfura." Sannan ya matso kunnen ango: "Baɗi in lici ta nuna, ta ƙofar baya za ka shigo da ita."