Mai Lamba Ɗaya a Kamfanin Shinkafa

Ku matso kusa. Hindatu, kife wayar nan, don ke nake ba da labarin. Tunda kin ce ranar Litinin za ki fara aiki a kamfanin shinkafar nan na hanyar Bunkure, gara ki ji daga bakina. Shekara shida na yi a can ina ɗinkin buhu.

Wurin da kamfanin yake, da kududdufi ne. Cike shi aka yi, aka ɗora gini. Tun ranar da aka buɗe ƙofa, akwai wani babban littafi a hannun maigadi, Baba Iro. Kowa ya zo da safe ya sa hannu, in zai tashi ya sake sawa. Amma layin farko ba a taɓa shi. Ko manaja ne ya riga kowa zuwa, a layi na biyu yake farawa. In ka tambayi Baba Iro, sai ya ce na mai wurin ne, kuma ba ya ƙarawa.

Ni na taɓa shafa layin da yatsa. Da rani ne, takarda har ƙara take don bushewa. Layin nan kaɗai da danshi.

Sai masu kamfani suka ce an daina littafi. Suka ɗauko wani Nazifi, wai masanin kwamfuta, ya kawo na'urar dangwala yatsa. Kowa a ba shi lamba, in ka shigo ka dangwala, in za ka fita ka dangwala, manaja yana zaune a ofis yana ganin komai. Ba na ƙin na'urar, ta hana masu sa wa abokansu hannu. Shi Nazifin ne ba na so, har yau kuwa. Ga ɗaga hanci, ga kallon banza. Mu masu ɗinki ko gaisuwarmu ba ya amsawa, wai yatsunmu sun yi kanta, muna ɓata masa gilashin na'urar.

Ranar rabon lamba Baba Iro ya je har ɗakin kwamfuta, ya cire hula, tsoho da furfurarsa. Ya roƙi Nazifi ya fara daga biyu, ya bar ɗaya babu suna.

Nazifi ya ce tsarinsa ba ya karɓar gurbi. Ya ce irin wannan camfin ne ya hana mu ci gaba. Ya karɓi littafin ya jefa a kwandon shara, a gaban mutane.

"Yaro, kar ka ba kowa lambar nan," in ji Baba Iro.

"Ba zan ba kowa ba, Baba. Tawa ce."

Ya ɗora babban yatsansa a gilashi, ya rubuta sunansa a lamba ɗaya. A satin ya kai ƙarar tsohon wurin manaja, aka sallame shi.

Ranar Juma'a, rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci, an kashe injina. Ni ina zaune a inuwar sito da allurata, daidai tagar ɗakin kwamfuta. Nazifi yana ciki shi kaɗai, wai aiki ya riƙe shi.

Ƙofar waje a kulle take. Amma sai ga mutum yana tahowa ta tsakar fili.

Dogo ne, da tsohuwar riga irin ta leburorin da. Tafiya yake a hankali. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, shi kuwa ƙafarsa tsirara. Duk inda ya taka sai ya bar laka, baƙa, jiƙaƙƙiya. Kajin da ke tsintar tsaba a bakin sito suka watse ba ko kuka.

Ya wuce ni. Warin ruwan kwance ya buge ni. Allurar ta faɗi daga hannuna, na kasa sunkuyawa in ɗauka.

Bai yi sallama ba. Na ji Nazifi yana daka masa tsawa, wai wa ya ba shi izinin shigowa da ƙazanta. Na leƙa ta taga. Wallahi da ban leƙa ba.

Muryar mutumin kamar daga cikin tulu take fitowa. Kuma sai maganar ta gama fita, sannan bakinsa ya motsa.

"Ina layina?"

Nazifi ya ce babu layi yanzu, lamba ce, kuma wanda ba ya cikin tsari ba ma'aikaci ba ne. Mutumin ya miƙa hannu ya ɗora yatsa a gilashin. Yatsunsa duk tsawonsu ɗaya. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja, alamar ta ƙi karɓa.

"Wa ke ɗaya?"

Ko a nan da Nazifi ya yi shiru, ko ya ce kuskure ne, wataƙila da an bar shi. Amma ina. Ya gyara zama ya ce shi ne.

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yi dariya, ƙasa-ƙasa. Ni tsoro ya sa har fitsari ya kusa kuɓuce mini.

"Shekara arba'in ina tsaron wurin nan. Ban taɓa tashi ba. Na gaji." Ya dafa kafaɗar Nazifi. "Na bar maka."

Ya fito, ya bi ta ƙofar da ke kulle, ya tafi. Bai waiwayo ba.

Da yamma kowa ya dangwala ya fita. Nazifi ya dangwala, ja. Ya goge yatsa a riga, ya sake, ja. Ya yi tsaki ya hau babur ɗinsa. Muna kallo ya fita ƙofa, ya sha kwana. Kafin mu ƙarasa titi, sai ga ƙarar babur a bayanmu, a cikin kamfani, bakin ɗakin kwamfuta. Sau bakwai ya gwada ranar. A na bakwai da ƙafa ya fita, yana kuka.

Ya goge sunansa daga kwamfutar, da safe sunan ya dawo. Aka ciro na'urar aka ƙona, aka kawo sabuwa daga Legas, ana kunnawa sunansa ne a sama. 'Yan'uwansa suka zo da malamai, aka sa shi a mota, mutum biyu suna riƙe da shi. Suna isa Kura suka ga kujera wayam. Aka je neman Baba Iro, ya ce shi ai an sallame shi, ba ruwansa da harkar kamfani.

Yau shekara huɗu ke nan. Matarsa ta ƙarfen ƙofa take miƙa masa abinci. 'Yarsa da aka haifa bayan abin, ta nan yake ganinta. Ban ce ba na tausayin yarinyar ba. Shi dai ban yafe masa abin da ya yi wa tsohon nan ba.

Kuma ya gane hanyar fita ɗaya ce, wadda aka yi masa: ya sami wanda zai karɓi lamba ɗaya. Shi ke yi wa sababbin ma'aikata rajista har yanzu. Ya koyi fara'a, ya koyi gaisuwa, har kujera yake jawo wa mutum.

Don haka, Hindatu, ki saurare ni. Kar ki shiga ɗakin nan ke kaɗai, ko da rana tsaka ne. Ki tafi da mutum biyu. Kafin ki ɗora yatsa, ki sa ya juyo miki da fuskar kwamfutar, ki karanta lambar da idonki. In ya ce miki akwai wata lamba mai kyau da ya ajiye miki, ki bar takalminki a wurin, ki gudu.