Dabinon Wa Zai Hau Sama?

A unguwar Limawa, cikin Dutse, akwai wata yarinya 'yar aji shida, autar gidansu. Kanta yana ja sosai, sai dai akwai ta da ɗan son kai.

Matan unguwar suna da shago a intanet. Malama Radiyya, mai koyar da kwamfuta a makarantarsu, ita ke kula da shi. Da aka yi dogon hutu, sai ta fara koya wa Auta aikin.

"Idan mai saye ya rubuta dabino, kayan za su fito a jere," in ji Malama. "Mu ke tsara wanda zai hau sama. Ki kula, mutane ba su cika gangarawa ƙasa ba."

Auta ta ce to. Amma Malama na juya baya, ta ɗora busasshen dabinon Ummanta a sama. So so ne, amma son kai ya fi. Wanda ya faɗa can ƙasa kuwa shi ne na Inna Hamida, tsohuwar maƙwabciyarsu, ɗanyen dabino mai laushi, sabon sauka daga bishiya.

Ciniki ya buɗe wa Umma. Auta har da 'yar rawarta a tsakar gida.

Wata safiya Umma ta aike ta gidan Inna Hamida. Ta tarar da tsohuwar tana tsince ruɓaɓɓen dabino daga kwando, ƙudaje sun yanyame shi.

"Inna, me ya same shi?"

"Dabinon damina ne, jikata, ba ya jira. Har yau ban sami mai saye ba. In ya kai jibi, sai dai awaki su ci."

Auta ta gane ita ta jawo. Kunya ta kama ta. Ta koma gida ta faɗa wa Umma abin da ta yi.

Umma ta ɓata rai. "Nawa busasshe ne, ko baɗi yana nan. Ko a kasuwa, abin da zai lalace shi ake sa wa a gaba. Maza je ki gaya wa Malama da bakinki."

Malama ta saurare ta har ƙarshe. "Kin yi laifi," ta ce. "Da hannunki kika ɓata, da hannunki za ki gyara."

Auta ta zauna ta yi tunani. Ba ta ɗora na Inna a sama kawai ba. Ta tsara shagon yadda duk kayan da ke saurin lalacewa za su fara fitowa, ko na wane ne. Dabinon Umma ya sauko, na Inna ya hau.

Kafin azahar waya ta fara ƙara. Wani mutum daga Ringim da ke shirin suna ya sayi rabin dabinon Inna. Mutanen gari suka kwashe sauran. Auta ta yi ta tsalle, murna fal cikinta.

Da yamma Inna Hamida ta shigo gidan su Auta, ta kife kwando a gabansu, babu ko ƙwaya. Ta ciro dabino daga bakin zaninta.

"Wannan na ɓoye miki. Allah ya yi miki albarka."

Auta ba ta taɓa cin dabino mai zaƙinsa ba. Tun daga ranar ta gane cewa wanda aka ba amana, adalci ake so ya sa a gaba, ba son kansa ba.