Fentin da Ya Tsaya a Ƙugu

"Ba za mu jera tsinke a ɗakin nan ba!"

Da wannan Goggo Habibatu ta shigo gida, ko mayafi ba ta cire ba. Daga ganin ɗakin da Sabitu ya kama mana a Gubi take, ni kuwa amarya ba a zuwa da ni, sai dai na ji a bakinsu.



Wai ɗakin a kwari yake, bakin rafi. Kuma Sabitu, bawan Allah, ya tashi ɓoye shaidar ambaliyar bara sai ya shafa sabon shuɗin fenti daga ƙasa zuwa ƙugu, ya bar sama yadda take. Ko makaho ya shafa bangon ya san inda ruwa ya tsaya.

Goggo ta yi ta faɗa, daga nan ta gangaro kan ɗanta Mudathir da gidansa na bene a Ɗan Iya. Dama can nan ta dosa, don shi ta so in aura.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san ruwa. Shekaru uku da suka wuce shi ya rushe mana ɗakin Inna a nan Ƙofar Dumi, muna tsaye muna kallo. Sabitu ya sani, shi ya taya mu tono kwanuka cikin laka.

Bayan la'asar ya zo zaure, da guntun fenti a farcensa.

"Zinariya..."

"Har ina ruwan ya kai?"

Ya ɗora hannu a ƙugunsa.

"Me ya sa ka rufe?"

"Na ji tsoron kar a hana ni ke. Ɗakin tudu ya fi ƙarfina, masoyiya."

"Ruwa ba baƙona ba ne, Sabitu. Ka bari in shiga da idona a buɗe."

Washegari da kansa ya je wurin Bappa, ƙanin mahaifina wanda aurena ke hannunsa, ya faɗa masa komai, har da watan da rafin ke cikowa. Bappa ya bi shi suka dubo ɗakin. Da ya dawo ya ce da Goggo yaron bai iya ƙarya ba, wanda ya iya ai har sama zai shafe.

Goggo ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Amma ranar jere ita ce kan gaba, tana masifa tana nuna inda za a kafa katako. Duk kwanukana sama da shuɗin aka jera su, gado kuwa aka ɗora shi kan bulo uku-uku. Sabitu ya ɗaga dokin ƙofa, shi da maƙwabta suka yashe kwatar layin.

Ranar da aka kai ni sai da na taka turmi na hau gadona, ƙawayena suna ta dariya.

Cikin Agusta, wata Asabar da hantsi, ruwan ya zo. Ya haura dokin ƙofa a hankali, ya kwashi takalmana ya yi ƙarƙashin gado da su. Muna zaune a sama, ƙafafu a naɗe, tukunyar shinkafa a tsakaninmu. Tsoro na nan, ba zan ɓoye ba.

"Ki yafe mini, Zinariya."

Na leƙa bango, na miƙa masa cokali.

"Ci abincinka. Ko bulo na biyu bai kai ba."