Yarinyar Da Ta Ƙi Shiga Gonar Alkama

"Ba zan shiga ba, Tuhin."

A hankali Shiuli ta faɗa, tana tsaye bakin hanya, ta damƙe gefen gyalenta da hannu biyu. Taku ashirin ne tsakaninta da mahaifin Tuhin, Mokbul Mondol, wanda ya tsaya a tsakiyar gonar alkamarsa da farar hula, hannuwa a baya, yana jira. A ƙauyukan Meherpur, yarinyar da aka kawo a gani ita take ƙarasawa ta sunkuya ta taɓa ƙafar babba. Babba ba ya tasowa.

"Zinariyata, don Allah... kallonmu yake."

"Ai ina da ido."

Laifin na Tuhin ne, kuma ya sani. Da azahar ya zo ɗakin binciken da Shiuli take aiki a kan babur, ya ce ta fito su sha shayi, minti goma kawai. Sai da suka wuce masu shayi uku sannan ya sanar da ita cewa Abba ya yarda ya gan ta yau, gara su isa kafin ya sake shawara. Ta yi ta dukan bayansa tana cewa ya tsaya. Shi kuwa ya ɗauka kunya ce, har dariya yake yi.

Abin da bai bari ta faɗa ba shi ne, da safen nan ta fesa wa shukar gwaji ƙwayayen funfunar da ke kashe alkama, kwalbar ta zame, ruwan ya zuba mata a ƙafar wando da takalmi. Ta goge da sinadari, amma dokar aikinsu ba ta san goge-goge ba: wanda ya taɓa wannan funfuna ba ya shiga gona sai ya yi wanka ya sake kaya daga sama har ƙasa. Alkamar Mokbul kuwa ta soma fitar da kai, daidai lokacin da cutar ta fi so.

Ta ce to bari ta ɗaga murya ta yi wa dattijon bayani daga nan. Tuhin ya yi saurin tare gabanta. Cikin raɗa ya ce shi dai abin da ya gaya wa Abba shi ne karatun alkama take yi. Shekarar da cutar ta shigo yankin, zangarniya ta yi fari fat babu ƙwaya, Abba da hannunsa ya cinna wa wannan gonar wuta. In ya ji kiwon abin take yi, magana ta ƙare.

"Wato ƙarya ka yi masa."

"Ban yi ƙarya ba... rage magana na yi."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Sannan ta ɗaga murya daga inda take ta ce, "Assalamu alaikum, Chacha." Haka suke kiran dattijo sa'an uba, wato baffa.

Dattijon ya amsa. Ya dubi fuskarta, ya dubi takalminta, ya juya ya ci gaba da duba alkamarsa.

Lipi, 'yar ƙanwar Mokbul, wadda ta taso tana jin manya na cewa ita ce ta Tuhin, ta kawo wa kawunta ruwa ke nan. Ta yi murmushi ta ce, yadda kowa zai ji, "Ƙyale ta mana, Yaya Tuhin. Takalmin birni ba ya son laka."

Kafin la'asar ta yi sanyi, labarin ya zaga ƙauyen.

Sati uku Shiuli ba ta ɗaga wayarsa ba. Saƙonni dai tana karantawa, tana tsaki, tana kife wayar kusa da farantan gwaji. Wani saƙon ya ce ya rame. Wani ya ce ko kifin da uwarsa ta soya bai iya ci ba. Babu ko ɗaya da ya ce ya gaya wa mahaifinsa gaskiya, kuma shi kaɗai take jira.

Sai ta zuba haushin a kan aiki. Aikin kuwa na haƙuri ne. Funfunar tana ɗauke da ƙwayoyin gado, kowace da abin da take umartar jiki ya yi. Shiuli takan cire guda ɗaya tak, ta raini abin da ya rage, ta ɗora shi a kan ganye ta ga me ya kasa yi. Sau huɗu tana cirewa funfunar na ci gaba da cin ganye kamar ba a taɓa ta ba. Na biyar ne ya yi kyau, a cikin waɗannan makonni na fushi, ga shi babu wanda take so ta fara gaya wa sai mutumin da ba ta yi wa magana.

Lipi ba ta zauna ba. Ta shigo gari da sunan sayen zare, ta tsaya wajen mai shayin ƙofar ɗakin binciken, ta yi tambayoyinta. Ranar Juma'a, ana tsakar cin shinkafa, ta sauke abin da ta ɗauko.

"Mama," ta ce da kawunta, don haka suke kiran ɗan'uwan uwa, "ka san aikin 'yar birnin nan? Cutar da ta sa ka ƙona gonarka, ita take kiwo. A faranti. Har abinci take dafa mata, kamar mai kiwon kaji."

Uwar Tuhin ta saki cokalin miya. Mokbul ya cinye shinkafarsa, ya wanke hannu. Sannan ya tambayi ɗansa ko gaskiya ne. Tuhin ya ce gaskiya ne. Ya sake tambaya ko ranar da ta zo ta taɓa abin. A nan Tuhin ya zazzage komai: kwalbar da ta zube, dokar wanka, da yadda shi ya hana ta magana.

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ya zuba wa babur mai, gobe da safe za su shiga gari.

Shiuli ta fito da farar rigar aiki ta same shi zaune a kan bencin baƙi, ya jingina lemarsa da gwiwa. Tuhin na tsaye can gefe kamar wanda aka kawo wajen shugaban makaranta. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"An ce kina kiwon maƙiyina," in ji Mokbul.

"Haka ne, Chacha."

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Aikinsa kawai na gani."

Ta shiga ta fito da na'urar ƙara girma da gilasai biyu, kowane da guntun ganyen da aka riga aka kashe abin da ke kansa. Ta gwada masa yadda zai sa ido. Sai da ya cire hula, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya yi mita cewa duhu kawai yake gani, kafin ya hango abin.

Ta yi masa bayani ba gaggawa. Wannan ɗan zaren shi ne funfunar. Baƙin ƙullin da ke bakinsa kuwa dunƙule ne take yi, ta cika shi da ƙarfi har ya huda fatar ganye ta shige. Ya ce ashe ƙaramin abu ne haka. Ta canza gilashin.

"Wannan fa? Ina dunƙulen?"

"Babu. Na cire mata abin da ke sa ta yin sa. Sai ta yi ta yawo a bayan ganye, ta rasa ƙofa, ta mutu a waje."

Ya sake leƙawa, ya daɗe. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce hasken na'urar ne. Ya tambaya ko ke nan an gama da cutar. Ta ce a'a, wannan a faranti ne kawai. Amma in an san da me take shiga, an san inda za a tare ta.

"Da kin shigo gonata ranar nan, da na ce ga yarinya mai ladabi," ya ce. "Da kuma wataƙila na sake neman ashana." Ya juya wajen ɗansa. "Kai kuwa, da bakinka da iliminka, ka bar ni sati uku ina jin haushin wadda ta tsare mini alkama."

"Abba, tsoro na ji kada..."

"Rufe mini baki."

Tuhin ya matso kusa da Shiuli, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ya yi kuskure, ba zai ƙara rage magana ba, ko da ta gaskiya mai ɗaci ce. Ta ce za ta gani. Amma da ya ɗauki akwatin na'urar zai riƙe mata, ba ta ƙwace ba.

Mokbul ya mayar da hularsa, ya tambaye ta irin wannan abin da ta cire, guda nawa funfunar take da su.

"Sun fi dubu goma, Chacha."

"Kowane ɗaya yana cin kwana nawa?"

"Wata uku... in an yi sa'a."

Ya ɗan motsa leɓe yana lissafi, ya girgiza kai, ya dafa lemarsa ya miƙe.

"To ba mu da lokacin ɓatawa, 'yata. Ki gaya wa mahaifinki muna tafe da zarar an yanke alkama. A ɗaura kafin ruwa ya sauka, ki dawo bakin aikinki."