Ƙafa Takwas, Duk Ɗaya Ne

A wani zamani can, an yi wani mutum wanda ba a gaya masa magana. Wata rana zai yi barcin rana, matarsa ta hango ƙwaro a bango, daidai kansa.

Ta ce, "Maigida, dubi ƙafafun nan. Na gizo-gizon ɗaki sirara ne, dogaye. Waɗannan gajeru ne masu gashi, ga ƙaton ciki. Tautau ne, kore shi."

Ya ce, "Sannu, ungozomar gizo-gizo! Ƙafa takwas, ƙafa takwas, duk ɗaya ne." Ya kwanta abinsa.

Da ya farka, leɓensa ya kumbura suntum, magana ta gagara. Ya yafuto ta da hannu.

Ta leƙa, ta ce, "Lafiya, Maigida? Leɓe biyu, leɓe biyu, ai duk ɗaya ne."