Ɗigon Ganyen Mama Eusebia

A bakin gonarsu Wilber ya fara ganin Nélida, tana tsugune tana leƙen ƙarƙashin ganyen dankali.

"'Yammata, ɓarawon dankali ai ƙasa yake tonawa."

"Ni ɓarauniyar ganye ce," ta ce tana dariya.

Ɗaliba ce daga birnin Huancayo, tana bincike a kan rancha, cutar nan mai ƙone gona cikin kwana uku. Kafin shuka ta yi fure ya koma kiranta Kurciyata.

Uwarsa, Mama Eusebia, Marleni take so ya aura, 'yar maƙwabta mai fere dankalin gwajin amarya, mai ƙulu-ƙulun nan, ɓawo bai tsinke ba. Duk da haka ta ba Nélida ƙwaya shida daga irin da ta gada wurin uwarta. Ita kuwa baiwar Allah ta shuka su a makaranta, ta fesa musu rancha da gangan. Marleni ce ta kawo labarin, har da hoto.

"Irin uwata? Da hannunta ta ba shi cuta?" Mama ta fashe da kuka. "Kada ta sake tako min gida!"

Sai ruwa ya ɓalle, rancha ta sauko kwarin da suke noma, ɗigo ya feso a ganyen tsohon irin. Mama ta wasa lauje za ta sare shi, ko ta tsira da 'yan ƙananan dankalin da ke ƙasa.

Wilber ya rubuta: "Kurciyata, na kasa cin abinci. Gobe za ta sare. Ta ce ke kika jawo."

"Masoyina, ka hana ta. Akwai furotin a ganye mai danne garkuwarsa kamar birki. Irin Mama kuwa, da zarar ya ji cuta sai ya niƙe furotin ɗin, ya kashe ɗan wurin da ta taɓa, ta rasa abin ci. Na gani a shidan nan. In na yi kuskure, ka auri Marleni."

Da safe ya tsaya a bakin kunya, ya tare Mama.

"Mamita, ki ba ni kwana bakwai."

"Yarinyar birni ta fi ni ke nan?"

Ta jefar da laujen. Kwana bakwai ba ta ce masa uffan ba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ran na takwas gonakin kwarin sun yi baƙi suna wari, har sabon irin da su Wilber suka shuka ya tafi. Kunyoyin Mama kuwa kore shar, sai ɗigo-ɗigo.

Ta aika a kira Nélida, ta miƙa mata wuƙa da dankalin gwaji. Wayyo, aika-aika! Rabin dankalin ya bi ɓawo.

Mama ta daɗe tana kallon ɓarnar.

"Fere dankali kam ba ki iya ba, 'yata. Bayansa zan koya miki, ke ki koya min cikinsa."

Bayan girbi aka ɗaura aure a coci, da irin nan aka ciyar da baƙi. Mama ta dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma, ajiye wuƙar nan kafin ki ƙarar min da iri."